Fitilar Faifai da Allon Gwaji: Waiwaye Daga Dogon Daji

Duk wanda ya san hanyar Sakkwato zuwa Jega da dare shekara talatin baya, ya kuma sake bin ta a bana, zai shaida cewa launin daren ma ya sauya. A da, idan mota ta doshi Dogon Daji bayan lisha, jan haske mai rawa ido ke fara hangowa: aci-balbal a teburin mai shayi, fitilar ƙwai a gaban mai tireda, garwashin mai tsire, can cikin gari kuma wutar kara da almajirai suka kewaye suna karatu. Yau fari fat za ka tarar. Mai shayi ya rataya ƙwan sola a rumfarsa, mai cajin waya ya zagaye shagonsa da igiyar ƙananan ƙwayaye, mai rake ya ɗaura tocila a goshi. Duk wannan farin haske daga abu guda yake fitowa, ɗan ƙwan nan da ake kira LED, wanda ainihin wurin da ke ba da hasken a cikinsa bai kai faɗin milimita ɗaya ba.

Mu da muka tashi da fitilar ƙwai mun san hidimarta. Kafin magariba a aiki yaro da kwalba ya sayo kananzir, a goge ƙwan da toka da tsumma, a datse lagwani don kada ya yi hayaƙi. Idan ƙwan ya tsage a liƙa masa takarda a ci gaba da lallaɓawa. An gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, an kafa hukumar NEPA a 1972, daga baya ta koma PHCN a 2005, a 2014 kuma aka miƙa rarraba wutar jihohin Sakkwato, Kabi, Zamfara da Kaduna ga kamfani mai zaman kansa. Amma ko a garuruwan bakin titi inda turaku suka kai, babu gidan da ya yi gangancin jefar da fitilarsa. Ƙauyukan da ke can ciki ta wajen Kebbe kuwa, yawancinsu da kananzir suka ci gaba da kwana. Abin da ya kori fitilar ƙwai daga ɗakunanmu ɗan ƙwan LED ne, sai tsadar kananzir, musamman bayan janye tallafinsa a 2016, ta zo ta ƙarasa aikin.

Ƙwan ya yi doguwar tafiya kafin ya iso mu. A 1962 Nick Holonyak, injiniya a kamfanin General Electric na Amurka, ya ƙera jan LED, irin wanda muka fara gani a goshin rediyo mai kaset yana nuna cewa an kunna. Shekaru da dama ja da kore da rawaya kaɗai ake da su, kuma haskensu bai isa a karanta wasiƙa ba. Shuɗi ne ya gagari masana, har Isamu Akasaki da Hiroshi Amano na Jami'ar Nagoya, da Shuji Nakamura na kamfanin Nichia, suka shawo kansa tsakanin ƙarshen shekarun 1980 da 1993. Da aka samu shuɗi, sai aka shafa masa wani sinadari mai mayar da wani ɓangaren hasken rawaya, haɗuwar biyun ta ba da fari. Su ukun sun karɓi kyautar Nobel a 2014, kuma cikin dalilan da aka bayar har da amfanin ƙwan ga mutane sama da biliyan ɗaya da rabi da wutar lantarki ba ta kai gare su ba. Mutanen ƙauyukanmu na cikin wannan lissafi.

To amma akwai wani zango a tsakiyar labarin da nake ganin mun yi saurin mantawa da shi. Wajen ƙarshen mulkin Obasanjo, wanda ya sauka a 2007, wata fitila ta cika kasuwannin Arewa, kuma ba daga jirgin ruwa aka sauke ta ba. Yaranmu ne ke ƙera ta. A samo faifan sidi da ya daina aiki, a huda shi da ƙusa mai zafi, a soka fararen ƙwayaye huɗu ko biyar ko fiye, a murɗe dogayen ƙafafunsu wuri guda a bayan faifan, gajerun ma wuri guda. A haɗa ɗan akwatin katako mai cin manyan batura uku, irin Tiger Head ɗin nan na rediyo, a kafa faifan a kan sanda, a sa ɗan makunni. Ƙyallin faifan ke tattara hasken ya watso shi gaba. Jama'a suka laƙaba mata suna "Obasanjo ya kasa", saboda ƙarancin wutar wancan lokaci.

Ranar kasuwa za ka ga an jera su a kan buhu, mai sayarwa na kunna wannan yana kashe waccan. Ba ta hayaƙi, iska ba ta kashe ta, ba ta cinna wa dannin kara wuta, yaro zai iya ɗaukarta ya zagaya bayan ɗaki ba tare da uwarsa ta bi shi da ido ba. Masu tuyar ƙosai da masu shayi suka rungume ta, makarantun dare ma haka. Masu ƙera ta kuwa yawancinsu ba su taɓa shiga ajin kimiyya ba. Masu gyaran rediyo ne da yaransu, da samarin da suka ga an yi sau ɗaya a Kano ko Sakkwato suka dawo gida suka kwaikwaya. Har yau ina jin daɗi idan na tuna cewa sabuwar fasahar da ta fito daga ɗakunan binciken Japan ta faɗo hannun mai gyaran rediyo a ƙasar Tambuwal, shi kuma bai tsaya jiran kowa ba ya mayar da ita fitila.

Sai dai fitilar tana da ciwon da kowa ya sani. Ranar da aka sa mata sababbin batura haskenta har kashe ido yake. Bayan ɗan lokaci sai ƙwai ɗaya ya fara kyaftawa, ya dushe, ya mutu. Ba a jima ba na kusa da shi ya bi shi. Mai saye ya ce an ba shi jabu, mai ƙerawa ya ce ƙwayayen ne marasa kyau, a canza a sa wasu, su ma su bi sahu. Ana cikin haka tociloli da fitilun caji na Sin suka kwararo da araha, daga baya na sola suka biyo. Cikin 'yan shekaru fitilar faifai ta ɓace kamar ba a taɓa yin ta ba.

Ban ga laifin wanda ya zaɓi fitilar da ta fi haske ta kuma fi arha ba, talaka da aljihunsa yake shawara. Abin da ke damuna shi ne mun koma inda muka fito, wato masu saye kawai. Tocila ta mutu, a jefar a bola a sayi wata. Hannun da ya fara sabawa da murɗa waya ya koma ƙirga canji. Kuma abin da ya hana waccan sana'a girma ilimi ne ɗan kaɗan, wanda bai fi a koyar da shi a zama biyu ba, amma babu wanda ya kai shi rumfar masu ƙerawa.

Makaranta ce ya kamata ta kai shi. Da aka fara tsarin 6-3-3-4 a 1982, an sa darasin gabatar da fasaha a ƙananan azuzuwan sakandare, gwamnati ta sayo injuna daga ƙasashen Gabashin Turai. A makarantu da dama a faɗin ƙasar nan injunan sun tsufa a cikin akwatunansu, wani wurin babu wutar da za ta juya su, wani wurin babu ɗakin aiki, wani wurin babu malamin da ya san kansu. Aka bar yara da zanen batir da ƙwai a allon bango, suna haddace dokar Ohm don jarrabawa. Sai aka wayi gari mai boko ya san lissafin bai taɓa riƙe waya ba, mai rumfa ya iya riƙe waya bai san lissafin ba, kuma a gari ɗaya suke, wataƙila ma a sahu ɗaya suke salla.

Abin da ya tayar mini da wannan tsohon tunani wani ɗan farin allon roba ne da ɗan yayana, mai karatun lantarki a Sakkwato, ya zo da shi hutu. Masu sayar da kayan lantarki biredibod suke ce masa, ni kuwa allon gwaji nake kiransa. Tsawonsa bai fi tafin hannu da yatsu ba, jikinsa duk ƙananan ramuka ne a jere, babba yana da 830, ƙarami 400, tsakanin rami da rami milimita 2.54. Irin wannan allo da ba ya buƙatar dalma tun farkon shekarun 1970 aka ƙirƙiro shi a Amurka, amma sai yanzu yake isowa hannun yaranmu. Sirrinsa a ciki yake. Ƙarƙashin kowane ramuka biyar da ke jere akwai ɗan ƙarfe guda mai maƙe duk ƙafar da aka soka, saboda haka duk abin da ya shiga cikin biyar ɗin nan ya haɗu da ɗan'uwansa. Wani kwari ya ratsa tsakiyar allon ya raba biyar na hagu da biyar na dama. A gefe da gefe kuma akwai dogayen layuka biyu, ja da shuɗi. Jan shi ake haɗawa da kan batir, shuɗin da gindinsa.

Ya shimfiɗa tabarma a zaure, ƙannensa suka kewaye shi. Ya yanke kan wata tsohuwar igiyar caji, ya fere jar waya da baƙa, ya soka su a layukan gefe, ya jona ɗaya kan a batirin ajiyar caji na waya, wanda ke ba da bolt 5. Ya ɗauko jan ƙwai ya nuna musu ƙafafunsa: doguwar ita ke fuskantar kan batir, gajeruwar, wadda gefen ƙwan ya ɗan shafe ta wajenta, ita ke komawa gindi. LED hanya ɗaya yake barin wuta ta bi, idan aka juya shi ba zai kama ba. Sannan ya ɗauko wani ɗan abu mai zane-zanen launi da ake kira rizista, ya soka ƙafarsa ɗaya a jan layi, ɗayar a jerin da doguwar ƙafar ƙwan take, ya ja 'yar waya daga gajeruwar ƙafa zuwa shuɗin layi. Ƙwai ya kama.

Wata ƙanwarsa 'yar aji biyar ta karɓa ta gwada nata, shiru. Ta duba ta sake dubawa. Ashe ƙafafun ƙwan biyu ta soka a jeri guda, wuta ta bi ta ƙarfen da ke ƙasa ta wuce abinta ba ta shiga ƙwan ba. Ta zare, ta gitta shi a kan kwarin tsakiya, ƙafa ɗaya hagu ɗaya dama, ta gyara wayar, ya kama. Duka bai ɗauke ta minti biyu ba, kuma ba a yi asarar komai ba. A zamanin ƙarfen dalma da ake ɗorawa a garwashi, kuskure irin wannan na iya cinye ƙwai da waya da rabin yini, shi ya sa maigida ba ya barin yaron shago ya taɓa kaya sai ya shekara yana kallo. A nan kuwa yarinya ta yi kuskure, ta gano da kanta, ta gyara da kanta.

Ana cikin haka wani dattijo maƙwabcinmu ya shigo. Tsohon mai gyaran rediyo ne, yana cikin waɗanda suka ƙera fitilar faifai a zamaninta. Ya tsuguna ya ƙura wa allon ido, a lokacin an jera ƙwayaye biyar, kowanne da rizistansa. Ya nuna da ɗan yatsa ya ce, "Ɗana, wanga mai zane-zane, mi shika yi nan?"

Yaron ya ce, "Baba, shi ka tare wuta, kar ta yi ma ƙwan yawa."

Ya yi masa lissafin a ƙasa da tsinke. Jan ƙwai kimanin bolt 2 yake ci, fari da shuɗi kimanin 3, kuma irin waɗannan ƙanana ba a son wutar da ke ratsa su ta wuce miliamfa 20. Caja na ba da 5, jan ƙwai ya ɗauki 2, saura 3, su ne rizista zai shanye. Idan ana son miliamfa 15, sai a raba 3 da 0.015, a sami om 200. Wanda ya fi kusa a kasuwa shi ne 220, mai zanen ja, ja, ruwan ƙasa. Dokar da Georg Ohm ya wallafa a 1827 ke nan, wadda muka haddace ba mu san ranar amfaninta ba.

Daga nan ya zo kan ciwon fitilar faifai. Batura uku sababbi bolt 4.5 ne, farin ƙwai kuwa 3 da 'yan kai yake so, kuma babu rizista ko ɗaya a tsakani. Abin da ya hana ƙwayayen ƙonewa nan take raunin baturan ne kawai, don irinsu ba sa iya turo wuta mai yawa. Ga shi kuma an ɗaure ƙwayayen duka a hanya guda, alhali ko daga leda ɗaya aka zaro su, ba a samun biyu masu buƙata daidai wa daida. Manomin albasa a fadama ya san wannan: idan ka saki ruwa a fangali biyar ta baki ɗaya ba ka daidaita kowanne ba, wanda ya fi gangare shi zai kwashe ruwan har ya jiƙe ya ruɓe, sauran na jiran rabonsu. Ƙwan da ya fi sauƙin wucewa shi ke jan wuta fiye da saura, ya yi zafi, zafin ya ƙara buɗe masa hanya, ya ƙara ja, har ya mutu. Da ya mutu sai rabonsa ya koma kan sauran, na biyu ya bi shi.

Dattijon ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Ashe abin da ka kashe muna ƙwai ke nan. Mu ko muna ta zagin masu kawo kaya." Ya karɓi rizista ɗaya ya jujjuya shi a tafin hannunsa. Irinsa ɗaruruwa ya cire daga matattun rediyoyi a tsawon rayuwarsa, yana kuma canza su idan sun ƙone, amma ba wanda ya taɓa gaya masa cewa fitilarsa na buƙatarsu.

Akwai hanya ta biyu ta haɗa ƙwayaye da yawa, ita ma yaron ya nuna. A jera su kamar sarƙa, gajeruwar ƙafar na farko a jeri ɗaya da doguwar ƙafar na biyu, haka har ƙarshe, rizista guda ya ishe su tun da wuta ɗaya ce ke ratsa su duka. Sharaɗin shi ne a tara buƙatarsu kada ta kai ƙarfin batirin. Jajaye biyu za su kama a bolt 5, farare biyu ba za su kama ba. A batirin sola mai bolt 12 kuwa farare uku za su ci kimanin 9, saura 3, rizista mai om 150 ya riƙe su a miliamfa 20. Aibinta, idan ɗaya ya yanke duk jerin ya mutu. Wanda ya gane wannan, ya je ya duba igiyar fitilar da ke zagaye da shagon mai caji. Mai bolt 12 uku-uku aka jera ƙwayayenta, kowane uku da rizistansu, shi ya sa ake da alamar yankawa bayan kowane uku, shi ya sa kuma idan ta lalace uku ne ke mutuwa tare. Yaron da ya haɗa wannan a allon gwaji, ya daina ganin igiyar a matsayin abin al'ajabi daga waje. Ya san abin da ke ciki, zai iya yanke wurin da ya mutu ya haɗa sauran.

Na san akwai masu cewa wannan wasan yara ne, garin da ke fama da ƙarancin malamai da azuzuwa ina shi ina ƙwai mai kyaftawa. Ban yarda ba. A duba sana'o'in da suka shigo ƙasar Tambuwal da Kebbe tun zuwan wayar salula a 2001: gyaran waya, shagon caji, haɗa sola a gidaje da masallatai, famfon sola a rijiyoyin burtsatse da lambuna. Duk a kan abu ukun nan suke tsaye, ƙarfin turin wuta, yawan wadda ke gudana, da abin da ke tare ta. Mai haɗa sola da bai san bambancin jera batura a sarƙa da jera su kafaɗa da kafaɗa ba, zai kashe wa mutum batirin da ya sayar da amfanin gonarsa ya saya, kamar yadda aka riƙa kashe ƙwayayen faifai, sai dai wannan karon asarar ta dubban nairori ce. Kuma ba a ce ilimin ya yi mana nisa ba. Jami'ar Usmanu Danfodiyo na da cibiyar binciken makamashi tun 1982, ga kwalejin fasaha ta Umaru Ali Shinkafi a Sakkwato, ga jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero nan kusa da mu. Yaron da ya isa can hannunsa ya riga ya saba da waya ba zai zama ɗaya da wanda zai fara ganin rizista a shekararsa ta farko ba.

Abin da ya bambanta allon gwaji da injunan 1982 shi ne ba ya jiran wutar gwamnati, ba ya jiran a gina ɗakin aiki. A inuwar darbejiya ma ana iya darasin. Matacciyar tocila na da ƙwayaye masu rai a cikinta, tsohuwar rediyo cike take da rizistoci, igiyar cajin da ta karye a baki ɗaya tana da sauran amfani. Abu biyu kawai zan ja kunne a kai. Kada a kusanci allon da wutar soket mai bolt 230, batir ko caja kaɗai ake amfani da su, kuma babba ya kasance a wurin. Sannan a riƙa ɗaure shi a leda bayan an gama, don ƙurar hunturu na cika ramukan ta hana ƙafafu kamawa. A kuma bar 'yan mata su zauna a sahun gaba. Wadda na gani a zaure ta riga yayyenta maza gane inda wuta ke bi.

Kirana ga 'yan asalin Dogon Daji, Tambuwal, Sanyinna, Jabo, Kebbe da Kuchi da ke aiki a Sakkwato, Kaduna ko Abuja, da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai: idan za ku zo gida sallar bana, ku biya wurin masu sayar da kayan lantarki. Ku sayo allon gwaji goma, ledar ƙwayaye ja da kore da fari, rizistoci masu om 150, 220 da 330, damin guntayen wayoyi, da mitar awo guda biyu. Ku damƙa su a hannun malamin fasaha na makarantar da kuka gama, ku roƙe shi ya gayyato mai gyaran rediyo ko mai haɗa sola na garin su yi darasin tare. Kayan duka za su shiga jakar hannu ɗaya, kuma sun ishi aji mai yara hamsin idan aka zaunar da su biyar-biyar.